Wakilan ɗalibai a kwamitin manhaja: kujera kawai, ko kujera da ƙuri'a?

Magatakardar_Majalisa:
Salama gare ku 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka yi digiri na biyu a makarantar tauhidi ne, ko suka koyar a cikinta. Ni ce magatakardar majalisar ɗalibai a makarantarmu. Hukuma ta fito da shirin sauya manhaja, kuma manyan abubuwa uku ne a ciki. Ibrananci da Helenanci, harsunan asali na Littafi Mai Tsarki, za su zama na ganin dama, ba dole ba. Za a mayar da wasu darussa ta intanet. Sannan aikin koyo a ikkilisiya da asibiti, wanda a da ake yi lokacin hutu, zai koma zango guda cur, mai maki.

Kundin makaranta ya ba mu kujeru biyu a kwamitin manhaja. Muna zama, muna magana, amma in an zo kaɗa ƙuri'a sai mu naɗe hannu. Yanzu majalisarmu ta rabu biyu. Wasu sun ce mu rubuta wa kwamitin amintattu mu nemi ƙuri'a kafin a taɓa manhajar. Wasu sun ce ɗalibin tauhidi biyayya ya zo koyo, ba ja-in-ja da malamansa ba. Ni ina tare da na farko, ba zan ɓoye ba. To amma ina son jin ta bakinku: ya dace ɗalibi ya kaɗa ƙuri'a a kan abin da za a koya masa?

Baba_Mai_Ritaya:
'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika kawo maganar fili maimakon a yi ta ƙus-ƙus a ɗakunan kwana. Tsohon Alkawari na koyar har na yi ritaya, kuma na daɗe ina zama a irin wannan kwamiti. Ra'ayina shi ne a saurare ku, a rubuta abin da kuka faɗa cikin bayanan taro, a ba ku amsa a rubuce. Amma ƙuri'a a kan abin da za a koyar, a'a.

Ba raini ba ne. Ɗalibi shekara biyu ko uku yake yi ya tafi, manhajar kuwa za ta yi ta fitar da masu wa'azi bayan shi ya daɗe da barin makarantar. Kuma darasin da ya fi ba ɗalibi wuya yau, sau da yawa shi ne zai riƙe shi ranar da ya tsaya gaban gawa, ko gaban mai shakka, babu malami kusa. Wanda bai kai wannan ranar ba, da me zai auna? Makarantar tauhidi amana ce ta ikkilisiyoyin da suka aiko ku. A kunnensu wa'azin zai sauka.

Ladi_K:
Baba, da girmamawa, hujjarku za ta zauna daidai a kan yaron da ya fito sakandare jiya, amma ba ta zauna a kanmu ba. A ajinmu akwai wanda ya daɗe yana kiwon ikkilisiya kafin ya dawo karatu, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai lauya, akwai masu 'ya'ya a jami'a. Ranar da kuke cewa ba mu kai ba, da yawanmu daga cikinta muka fito, ita ce ma ta koro mu makaranta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba mu ce mun fi malamai sanin Ibrananci ba. Mun ce mun san abin da muka rasa a bakin aiki.

Yusha'u_77:
Ladi ta faɗi tawa.

Ɗan_Tarihi:
Masu cewa ɗalibin tauhidi biyayya kawai ya zo koyo, su duba abin da ya faru a makarantar Lane da ke Cincinnati, jihar Ohio ta Amurka, a 1834. A watan Fabrairu ɗalibai suka shirya muhawara a kan bautar da mutane, suka yi dare 18 suna yi. Theodore Weld ne ya jagorance su. Cikin waɗanda suka yi magana har da James Bradley, ɗalibin da shi kansa bawa ne a da, ya fanshi kansa. Bayan muhawarar suka kafa ƙungiyar yaƙi da bauta, suka shiga unguwannin baƙaƙen fata na garin suna koyar da karatu. Amintattun makarantar suka tsorata da fushin mutanen gari, suka haramta ƙungiyar, suka hana irin wannan tattaunawa sai da izini. Shugaban makarantar, Lyman Beecher, ya kasa daidaita tsakani. Ɗalibai da dama suka tattara nasu ya nasu suka fice.

A 1835 wasunsu suka koma kwalejin Oberlin, amma da sharaɗi, kuma cikin sharuɗɗan akwai cewa a karɓi ɗalibi ba tare da duba launin fatarsa ba. Oberlin ta amince. To a wannan rana wa ya fi riƙe amanar ikkilisiya, amintattu ko ɗalibai?

Baba_Mai_Ritaya:
Ɗana, labarin da ka kawo gaskiya ne, kuma ɗaliban su ne a kan daidai. Sai dai ka lura, maganar lamiri ce, maganar mutum ya mallaki ɗan'uwansa mutum. A irin wannan ko ni zan fice tare da su. Amma ko Helenanci ya zama dole ko a'a ba maganar lamiri ba ce, maganar sanin sana'a ce. Kada mu ɗauki mizanin wancan mu auna wannan.

Alef_Bet:
Ni abin da ya tsaya mini a rai batun harsunan ne, kuma a nan ina jin tsoron ƙuri'ar ɗalibai, duk da ni ma ɗalibi ne. Ku je ku tambayi kowane aji ana tsakiyar haddar aikatau na Ibrananci, wa yake son a cire darasin? Hannu zai tashi kamar me. Amma wanda bai iya komawa nassin asali ba, har abada a hannun mai fassara yake. In fassarori biyu suka saɓa, ba shi da abin cewa sai wanda ya fi masa daɗin ji. Martin Luther, jagoran gyaran coci a Jamus, tun 1524 ya rubuta wa shugabannin biranen Jamus cewa harsunan nan su ne kuben da takobin Ruhu yake ciki.

Kuma akwai abin da hukumarku ya kamata ta faɗa muku a fili. Makaranta tana iya cire darasi, amma ɗarika ba ta cire ba. Cocin Presbiteriya ta Amurka, alal misali, tana neman wanda za ta naɗa fasto ya yi Ibrananci da Helenanci. Mutum zai gama digiri cikin murna, ya je neman naɗi a ce masa ya koma aji. Magatakarda, kun tambayi ikkilisiyoyin da suka aiko ku matsayinsu?

Mai_Karatun_Dare:
Kafin a tafi da nisa, ina da tambaya ga majalisar ɗalibai ita kanta. Wa kuke wakilta? Mu da muke aiki da rana muna karatu da dare, da waɗanda suke nesa, ba a taɓa sa zaɓe lokacin da za mu iya zuwa ba. Taron majalisa da rana ake yi, bayan sujada, lokacin muna wurin aiki. Shugabannin kullum daga mazauna makaranta suke fitowa. Kuma su ne suka fi ƙin darasi ta intanet, domin su ba su da buƙatarsa. In aka ba su ƙuri'a, a kanmu za su kaɗa ta.

Wannan ba sabuwar matsala ba ce. A 1963 makarantar tauhidi ta Presbiteriya a Gwatemala ta lura cewa ainihin masu riƙe da ikkilisiyoyi manoma ne da masu iyali a karkara, waɗanda ba za su iya barin gona su zauna shekara uku a makaranta ba. Sai malamai irin su Ralph Winter da James Emery suka ɗauki karatun suka kai musu inda suke. Daga nan tsarin karatun tauhidi daga gida ya bazu duniya. Da an tambayi majalisar ɗaliban da ke zaune a makaranta kaɗai, ba na jin za a yi shi.

Ladi_K:
Mai_Karatun_Dare, wannan korafin naka daidai ne, amma maganinsa a gyara zaɓen majalisa, ba a hana ta ƙuri'a ba.

Garba_Falsafa:
Ai dama asalin jami'a ta ɗalibai ce. A Bolonya ta Italiya ɗalibai ne suke ɗaukar malami, su biya shi, su zaɓi shugaba daga cikinsu. Malamin da ya makara, ko ya tsallake babi mai wuya, tara suke cin sa. Ko barin gari zai yi sai ya nemi izininsu. Daga baya ne malamai suka karɓe ragama. A Ajantina ma a 1918 ɗaliban Kordoba suka tashi har aka sa su cikin mulkin jami'a, abin ya bi ƙasashen Latin Amurka. Don haka abin da Magatakarda take nema ba bidi'a ba ne.

Ɗan_Tarihi:
Malam Garba, ƙarin bayani kaɗan. Bolonya ta shahara ne da karatun shari'a, kuma ɗalibanta manya ne, baƙi daga ƙasashe daban-daban, masu kuɗin biyan malami. Sashen tauhidi bai samu a can ba sai ƙarni na 14. Gidan tauhidi a wancan zamani Faris ta Faransa ce, kuma a Faris ƙungiyar malamai ce take mulki. Wato tun farko tauhidi ya fi karkata ga tsarin malamai, domin coci tana sa ido a kan abin da ake koyarwa da sunanta. Ina goyon bayan ɗalibai, amma Bolonya ba shaidarmu ba ce kai tsaye.

Almajirin_Azhar:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, usulud-dini na karanta, amma muhawarar ta shafe mu, domin mu ma muna da irin wannan ja tsakanin ladabi ga malami da neman gyara. A Azhar, Shaihu Mustafa al-Maragi ya hau shugabanci a 1928 da shirin gyaran karatu, bai samu goyon bayan fada ba, ya sauka a 1929. A 1935 ya dawo, kuma boren ɗalibai da matasan malamai yana cikin abin da ya dawo da shi. Ɗaliban da aka tarbiyyantar a kan sumbatar hannun malami su ne suka ƙaurace wa darasi. Sannan babban sauyin 1961, wanda ya shigo da likitanci da injiniyanci da aikin gona cikin Azhar, daga gwamnati ya sauko, da doka, ba wanda ya tsaya jin ta bakin ɗalibi.

Abin da na fahimta shi ne, ladabi ga malami a zauren darasi abu ne daban, shawara a kan tafiyar da makaranta abu ne daban. Malamanmu na da ma ɗalibi ne yake zaɓar wanda zai zauna gabansa da littafin da zai karanta. In bai gamsu ba ya yi sallama cikin mutunci ya nufi wani. Yanzu da aka ɗaure kowa da manhaja ɗaya da takardar shaida ɗaya, an ɗauke masa wancan zaɓin. Ya kamata a mayar masa da wani abu a madadinsa.

Yusha'u_77:
Wa alaikumus salam Malam. Wannan batu na ƙarshe ban taɓa kallonsa ta nan ba.

Tsohon_Shugaba:
Bari in ba ku labarin wanda ya samu abin da kuke nema. A zamaninmu mun yi fafutuka har aka ba wakilan ɗalibai ƙuri'a a kwamitin karatu. Mun yi murna ƙwarai. Ga abin da ya biyo baya.

Takardun taro sai daren da za a zauna suke iso mana, tuli guda, lokacin muna fama da aikin aji. Malamai kuwa sun riga sun tattauna komai a majalisarsu, sun daidaita bakinsu. Ana shiga sai karantawa da ɗaga hannu. Ƙuri'a biyu a ɗaki cike da malamai ba ta taɓa juya komai ba. Abin da ya fi ciwo, duk shawarar da ta fito sai a ce ai da wakilanku aka yanke. Ƙuri'ar ta zama hatimin da ake buga wa abin da ba mu gina ba.

Sannan ga mantuwa. Mu muka san alkawuran da aka yi mana da baki. Muka gama muka tafi, waɗanda suka gaje mu ba su tarar da ko fayil ɗaya ba. Bayan 'yan shekaru aka dawo da wata doka da muka yaƙa, ba wanda ya san an taɓa yaƙarta. Hukuma ba ta buƙatar ta kayar da majalisar ɗalibai, jira kawai za ta yi a yaye su.

Don haka ƙanwata, in ni ne ke, kafin ƙuri'a zan nemi a rubuta a kundi cewa takardu za su iso wakilai da isasshen lokaci, cewa wakilai suna da ikon sa batu a ajandar taro, kuma cewa wa'adin wakilan biyu ba zai ƙare lokaci guda ba. Ɗaya ya tsaya ya koya wa sabo. Ku buɗe kundin ajiya na majalisa, duk wasiƙa da amsa a ciki. Ƙuri'a ba ta da amfani a hannun wanda bai ga takarda ba.

Ba_Suna:
Akwai abin da kowa yake kewayewa. Ɗalibin lissafi in ya yi wa shugaban sashensu musu, iyaka ya tsorata da maki. Mu kuwa malamin da kake musu da shi a kwamiti, shi ne zai rubuta wa ikkilisiyarka rahoton halinka. Kalma ɗaya, "ba ya karɓar gyara", ta isa ta tsayar da naɗin mutum, ko ta yanke masa tallafin karatu. Na ga wanda hakan ta faru da shi, mutumin kirki, laifinsa kawai ya karanta koken ɗalibai a gaban taro. Shi ya sa masu hankali da yawa ba sa tsayawa takara. In ba a raba mai rubuta rahoton hali da mai zama a kwamiti ba, ko a ba wakilai kariya a rubuce, to ko an ba su ƙuri'a za su kalli fuskar malam kafin su ɗaga hannu.

Magatakardar_Majalisa:
Na gode muku duka, ina bi ɗaya bayan ɗaya.

Alef_Bet, ba mu tambayi ikkilisiyoyin ba, kuma a takardar hukuma ba a nuna an tambaye su ba. Zan tayar da wannan a zama na gaba. Mai_Karatun_Dare, korafinka ya shiga, kuma akwai masu karatun dare a makarantarmu da suke faɗin irinsa. Baba, na ji maganarku, amma ku duba wannan. Babu ko layi ɗaya a shirin da ya faɗi makomar waɗanda suke tsakiyar karatu. Wanda ya riga ya yi zango biyu na Helenanci, za a lissafa masa? Mai iyali da zai bar aikinsa zango guda don aikin koyo, wa zai riƙe masa gida? Mun yi waɗannan tambayoyin a kwamiti, aka ce an ji, aka wuce batu na gaba. Wannan "an ji" ɗin ne ya sa muke neman ƙuri'a.

Ba_Suna, abin da ka faɗa shi ya sa rabin majalisarmu suke cewa a bar maganar.

Rabaran_Dauda:
'Yar'uwa, ina roƙonku abu ɗaya, kada maganar ta kai ga ƙaurace wa aji sai kun ƙirga abin da zai biyo baya. An kawo Lane, ni kuma bari in kawo makarantar tauhidi ta Concordia, ta ɗarikar Lutheran, da ke St. Louis a Amurka. A Janairun 1974 hukumar makarantar ta dakatar da shugabanta John Tietjen, saboda rikici a kan yadda malamai suke nazarin Littafi Mai Tsarki. Ɗalibai suka kaɗa ƙuri'a suka daina shiga aji. Ranar 19 ga Fabrairu yawancinsu suka fice tare da malamai 45 daga cikin 50, suka kafa makaranta a gudun hijira wadda aka sani da Seminex. Sun yi abin da lamirinsu ya ce musu, ban ce komai a kai ba. Amma waɗanda suka gama a can sun sha wuya wajen samun ikkilisiyar da za ta karɓe su, ɗarikar ta tsage, wasu ikkilisiyoyi suka ɓalle a 1976, Seminex kuma ta rufe a 1987. Rigimar manya ce tun asali, ta shugabannin ɗarika da malamai, amma ɗalibai ne suka sa makomarsu a kai.

Ku tabbata wannan yaƙin naku ne. Wani lokaci malaman da aka kayar a majalisarsu sukan zagayo ta wurin ɗalibai.

Alef_Bet:
Rabaran, maganarku ta ƙarshe ta taɓa ni, domin malamin Ibranancinmu ne ya fara ba ni labarin irin wannan shiri a tamu makarantar. Duk da haka hujjar tana nan, ko daga bakin wa ta fito.

Malama_Rifkatu:
Ina koyarwa a makarantar tauhidi yanzu haka, kuma ina cikin kwamitin manhaja. Ina ganin tambayar ce aka ɗaure da yawa, ko ƙuri'a a kan komai ko babu. Jamusawa sun sha wannan rigimar bayan boren ɗalibai na 1968, lokacin da aka yi ta neman a raba kujerun majalisun jami'a tsakanin farfesoshi da ƙananan malamai da ɗalibai. A 1973 kotun tsarin mulkinsu ta yanke cewa ɗalibai suna iya zama su kaɗa ƙuri'a, amma a batun koyarwa farfesoshi su riƙe rabin ƙuri'u, a batun bincike da ɗaukar farfesa kuwa rinjaye ya zama nasu. Wato an duba kowane batu da nauyinsa.

Haka nake ganin ya dace da mu. Abin da ya shafi koyarwar bangaskiya da ƙaramin mizanin da digiri ba zai sauka ƙasa da shi ba, wannan na malamai ne da ikkilisiya da hukumar tantance makarantu, wadda ita ma tana da sharuɗɗan da ko mu ba mu isa mu taɓa ba. Amma jadawali, yadda ake gwaji, yawan aikin da ake ɗora wa mutum a mako, tsarin aikin koyo, makomar waɗanda sauyi ya tarar a hanya, a nan ɗalibai sun fi mu gani, kuma ban ga dalilin hana su cikakkiyar ƙuri'a ba.

Sannan Baba, ku gafarce ni, manhajar da muke karewa ba daga sama ta sauko ba. Rabon da muka saba da shi, nassi, tarihin coci, koyarwar bangaskiya, sai aikin kiwo a ƙarshe, ya kafu ne a jami'o'in Jamus. Tsarin da masanin tauhidi Schleiermacher ya fitar a birnin Balin a 1811 ya yi tasiri sosai wajen mayar da tauhidi karatun sana'a irin na likita da lauya. Mutane ne suka zauna suka tsara don buƙatar zamaninsu. Kuma a gaskiya, in ana rigimar manhaja a majalisar malamai, ba kullum amanar ikkilisiya ake karewa ba. Wani lokaci kowa awannin darasinsa yake karewa, domin da su aikinsa yake tsaye. Zaman ɗalibi a ɗakin yana sa mu faɗi dalilanmu da babbar murya, kuma dalilin da ba zai faɗu a gaban ɗalibi ba, dama bai kamata ya yi nasara ba.

Baba_Mai_Ritaya:
Malama, na san abin da kike nufi da kare awanni, na gani da idona. Rabon da kika yi ma zan iya zama da shi. Inda za mu yi ta ja shi ne, Helenanci a wane ɓangare yake? Ni a wurina mizani ne, ba jadawali ba.

Ina da wata shawara. In ana son muryar wanda ya zauna a aji, a ba tsofaffin ɗalibai kujera mai ƙuri'a, waɗanda suka yi shekaru a bakin aiki. Su sun ɗanɗani ajin, sun ɗanɗani filin, kuma babu mai rubuta musu rahoton hali. Wannan ya amsa damuwar Ba_Suna ma.

Ladi_K:
Baba, a ba su, amma ba a madadinmu ba. Tsohon ɗalibi makarantar da ya bari yake tunawa, ba wadda muke ciki ba.

Ina son in koma kan aikin koyo, domin kowa ya tafi kan harsuna ya bar shi. Ni ina goyon bayan ya zama zango guda mai maki. Tun 1925 Anton Boisen, wani limamin asibiti, ya fara kai ɗaliban tauhidi asibitin masu taɓin hankali a Worcester ta Amurka, su zauna da marasa lafiya, su dawo a tattauna abin da suka gani da mai kula da su. Ƙarfin tsarin yana wurin mai kulawar. In babu shi, an tura ɗalibi aikin kyauta ne kawai. Ni inda aka tura ni, fastocin ba su yarda mace ta hau bagade ba. Takwarorina maza suna wa'azi ana gyara musu, ni ina jera kujeru ina kula da yara, kuma takardar auna mu iri ɗaya ce, har da gurbin makin wa'azi. Na kai kuka, aka ce a yi haƙuri. Babu malamin da ya yi niyyar cutar da ni, kawai ba wanda ya taɓa tsayawa inda na tsaya. Irin wannan ne wakili mai ƙuri'a zai ƙi sa hannu sai an gyara.

Ɗan_Tarihi:
Wani misali na kusa, don a ga cewa ƙuri'a ba ita kaɗai ce hanya ba. Makarantar tauhidi ta Princeton a Amurka ta fitar da rahoto a 2018 a kan alaƙarta da bauta. Ƙungiyar baƙaƙen ɗalibanta ta ɗauki rahoton, ta tara sa hannu, ta rubuta buƙatu dalla-dalla. A Oktoban 2019 amintattu suka ware dala miliyan 27.6 don tallafin karatu da sauye-sauye, har da na manhaja. Abin da ɗaliban suka nema ya fi haka nesa, amma ba su tashi a banza ba. A farkon 2022 kuma, bayan wani matsin daga ɗalibai, aka cire sunan Samuel Miller, wani farfesanta na da mai alaƙa da bauta, daga ɗakin sujadar makarantar. Makaminsu hujja ce daga takardun makarantar kanta, da haɗin kai, da naci daga wannan aji zuwa wancan. Ya yi daidai da abin da Tsohon_Shugaba ya ce game da ajiye fayil.

Tsohon_Shugaba:
Haka ne. Amma kada a fahimce ni cewa ƙuri'a ba ta da amfani sam. Amfaninta ɗaya da na gani, in ka ƙi, dole a rubuta cewa ka ƙi. Amintattu suna karanta bayanan taro, masu tantance makaranta ma suna karantawa in sun zo. "Wakilan ɗalibai biyu ba su amince ba" layi ne da yake sa a yi tambaya.

Garba_Falsafa:
To ai ko ba ƙuri'a ana iya neman haƙƙin rubuta rahoton marasa rinjaye a haɗa da na kwamiti. Wataƙila hukuma ta fi saurin yarda da wannan.

Ba_Suna:
Wa zai sa sunansa a ƙasan rahoton? Nan ne maganar take komawa.

Malama_Rifkatu:
A sa sunan majalisa, ba na mutum ba, bayan an kaɗa ƙuri'a a asirce a taron ɗalibai. Kuma Magatakarda, ku nemi malami ɗaya ko biyu da kuka amince da su su karanta wasiƙar kafin ta tafi. Ba don su tace muku ba, don su nuna muku wace buƙata ce take hannun hukuma, wace ce take hannun amintattu. Koke da yawa yana mutuwa ne don an kai shi ofishin da ba shi da ikon amsawa.

Mai_Karatun_Dare:
Duk na ji, kuma rabon Malama ya kwanta mini. Amma tambayata tana nan. Magatakarda, taron da za a kaɗa wannan ƙuri'ar ta asirce, ƙarfe nawa za a yi shi, kuma na nesa ta yaya zai kaɗa tasa? In kujerun biyu ne, ɗaya ta zama ta masu karatun dare da na intanet, su zaɓi nasu da kansu. Ku sa wannan a wasiƙar tun yanzu, kada ku ce sai an samu ƙuri'ar tukuna.